Kawu Ayuba da Cocin Ƙasa na Kabo

Ku da kuka san Kawu Ayuba kun san ba ya wuce bango bai ƙwanƙwasa shi ba. Sai ya kara kunne, ya ce, "Shekararsa nawa?" In ka ce ashirin, ya yi tsaki: "Jariri!"

Yayan mahaifiyata ne, malamin firamare, daga kudancin Kaduna aiki ya kawo shi Kabo. Wata uku kacal ya yi a Ingila wajen kwas, amma mun sha labarin shekara talatin. Wai a wani ƙauye ya ga cocin dutse mai shekara ɗari takwas, da hasumiya, da tagogin gilashi masu launi, dokin ƙofarsa har ya lotsa don taku. Tun daga nan ya rantse ba mai rushe ɗan cocinmu na ƙasa yana raye.

Dokin ƙofa ya fara sa wa ido. Ran Lahadi sai ya tsaya a bakin shiga: "Ku ja ƙafa, jama'a! Turawa shekara ɗari takwas suka samu, mu ba mu da wannan lokacin!" Takalmana biyu suka mutu a hidimar nan.

Lokacin tsuke bakin aljihu, alli ma gagarar makaranta yake, balle gilashi. Kawu ya shiga tsintar kwalabe, kore da ruwan ƙasa, yana jera su cikin taga da laka. Wallahi da hantsi abin da kyau! Bai daina ba har aka ƙaddamar da Shari'a. Rannan masu sa ido suka tare shi a hanyar Gwarzo, buhu na ƙara a bayan keke.

"Malam, kwalaben giya ne fa wannan. Na wa ne?"

"Na coci ne. Fasto ma ya ce ba su isa ba."

Sai da Fasto ya yi kwana uku yana bayani.

Da kwamiti ya tashi rushe ginin a yi na bulo, suka kira Malam Sale magini, abokin Kawu na shan shayi.

"Ayuba, ka ji tsoron Allah. Ginin nan damina biyu ta rage masa."

"Kai ma haka aka ce bara, ga ka nan."

Muka fashe da dariya, ban da Kawu. Ya ja mu bayan cocin, inda ba mai zuwa sai awaki. Sunaye ne a jikin bangon, an zana da ƙusa: duk wanda ya rasu a cikinmu aka binne shi nan, nesa da gida. Na ga na matarsa, na ga na mahaifiyata.

"A can a dutse suke sassaƙa nasu," in ji shi. "Ni ƙusa gare ni. Duk shekara in an yi yaɓe sai in sake."

Malam Sale ya naɗe igiyar awonsa. A gefe aka gina sabon.

Bana aka yi yaɓen farko bayan rasuwar Kawu. Ashe ko a takarda bai taɓa rubuta sunayen ba, a kansa suke. Muka taru da ƙusa, kowa na faɗin wanda ya tuna, na yi kuka har na gaji. Biyu sun ɓace mana har yau, mun bar gurbinsu kusa da nasa.

Ya Ubangiji, kai da ba ka manta sunan kowa, ka ba Kawu Ayuba hutawa, shi da mutum biyun nan.