Ƙarfen da Na Zaɓa Don Kyau

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni mutumin Wurno ne, kuma da hannuna nake wannan rubutu, bayan shekarun da na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da marece. A lokacin da abin nan ya faru ban iya karanta ko sunana ba. Direba ne ni, na sayi tsohuwar a-kori-kura ina ɗaukar albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno da Goronyo zuwa kasuwanni. Ba ni da saurin fushi, amma ina da son a gan ni a yaba.

Abokin tafiyata taubashina ne, ɗan gwaggona. Tare munka tashi, tare anka yi muna kaciya. Shi ke ciniki da manoma, ni ke tuƙi, kuma tun daga fitowa har komawa bakinshi ba ya sauka daga kaina. Ya ce tuƙina kamar na jaki mai ciki, in ce da ba don motata ba da har yanzu a ka yake dako. Yana kirana bawanshi, ina kiranshi nawa. Ban taɓa jin ya yi mani magana ba tare da tsiya a ciki ba, don haka ban taɓa auna maganarshi ba.

Motar ta zo babu ƙarfen nan da ake kafawa a bayan kan mota, wanda ke tare kaya kada su faɗo wa gilashin baya. Munka tafi wurin mai walda ya nuna muna iri biyu. Ɗaya na ƙarfe mai kauri ne, da raga a tsakiya ta rufe gilashin duka, ana ɗaure shi da manyan kusoshi a jikin bodi. Baƙi ne, mummuna, kamar ƙofar kurkuku. Ɗayan siririn bututu ne da anka lanƙwasa shi fure-fure, tsakiyarshi a buɗe, da allo a sama inda mai fenti zai yi rubutu. Idona ya maƙale a allon nan. Ban iya karatu ba, amma ina son in shiga kasuwa mutane su ɗaga kai su karanta motata.

Taubashina ya girgiza siririn da hannu ɗaya ya kwashe da dariya. Ya ce wannan ai kan gadon amarya ne, ko akuya ba zai tare ba, in ɗauki mummunan tunda ya fi dacewa da fuskata. Mai waldan ya ce a hankali, siririn an fi yi wa masu ɗaukar katifa da burodi. Ni dai na sa anka kafa mani siririn. A hanya taubashina ya sake cewa, mi zan yi da fure a bayan wuyana, in koma in canja. Na ce hassada ce, don ko keke bai da shi. Da wani ne ya faɗa mani, da na tsaya na yi tunani. Da yake shi ne, sai na saka maganar cikin sauran tsiyarshi.

Da noman rani ya kama, anka ba mu injin ban ruwa da bututun ƙarfe mu kai wata gona ta wajen Rabah. Na ɗaure kayan da igiya a jikin furannin nan. Da hantsi, muna cikin tafiya yana ba ni labarin yadda matata ke tausayin kanta, sai shanu sunka fito daga bayan geza sunka cika hanya. Na taka birki da ƙarfi. Ƙarfen ya lanƙwashe kamar kara, bututu ya fasa gilashi ya shigo ta gefen da yake zaune, ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Makiyayin shanun ne ya taimake ni munka fito da shi.

Ya daɗe a asibiti a Sakkwato. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannunshi na dama bai sake ɗaguwa ba. Da na durƙusa ina neman gafara, ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Na san da gaske yake. Sai dai tun daga ranar bai sake kirana bawanshi ba. In na je gidanshi sai ya sa a shimfiɗa mani tabarma, ya ce sannu da zuwa Malam, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ya zo daga nesa. Na sha tsokanarshi, in ce furfura ta kama shi kafin hankali. Sai ya yi murmushi ya ce haka ne.

Na koma wurin mai walda ya kafa mani mummunan. Na kai motar ƙofar gidan taubashina na tsaya, ina jiran ya ce yanzu fuska ta sami 'yar'uwarta. Ya fito ya shafa ragar da hannun hagu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce Allah ya tsare hanya. Na shiga mota na kasa tayar da ita.

'Yan'uwana direbobi, in za ku kafa ƙarfen bayan kai, ku duba kaurinshi da inda anka ɗaure shi, ku tabbata raga ta rufe gilashi, kada ku yi ɗaurin kaya mai nauyi a jikin ado. Ku tuna wa ke zaune a gabanshi. Kuma wanda ya saba faɗa maku magana cikin dariya, ku riƙa tsayawa ku saurara, don wani ba ya da wata hanyar da zai ce yana jin tsoro. Yanzu na iya karanta duk abin da ke rubuce a motocin mutane, tawa kuwa babu allo. Kujerar gefena buhunan banza nake ajiyewa a kai, kuma har yau in na wuce gidanshi nakan rage gudu, ko Allah zai sa ya leƙo ya zage ni.