Rakodar Maiwada da Taken Babanmu

Yayana Maiwada mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma abu biyu ne bai iya ba har ya koma ga Mahaliccinsa: rufe baki da jin shawarar na ƙasa da shi. Manomi ne a Furana, gyaɗa da dawa, ga ƙarfi ga murya. In yana gaisawa da mutum a ƙofar gida, na bakin rafi sai ya amsa. Ni Inuwa, ƙanensa, a inuwar wannan muryar na tashi, kuma har yau in na tuna abin da ta jawo mana sai in ji abinci ya fita raina.

Babanmu Sama'ila shi ne sarkin noman garinmu. Kowane gwanin garma yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai a gangar noma, in ya ji sai tsumi ya taso masa. Taken Baba mutum ɗaya ne ya iya shi a duniya, wani tsohon makaɗi, Ɗan'azumi na Paki. Tun ranar da aka binne Baba ya daina kaɗa shi, ya ce hannunsa ba ya yarda. Ga shi kuma ya yi wa malaminsa alkawarin daga daminar shekarar da wannan abu ya faru zai tuba ya ajiye ganga.

Shekara biyar ke nan da samun 'yancin kai. Maiwada ya je Kudan biki ya ga ma'aikatan rediyo sun ɗauki waƙar wani mawaƙi a cikin akwati, sun mayar masa da ita nan take. Ya dawo gida kamar wanda ya ga aljani. Ya yi ta sintiri Paki, sau shida, yana durƙusa wa tsoho a kan ya kaɗa taken Baba a ɗauka, har Ɗan'azumi ya ce, "To, ɗan Sama'ila, ka kira gayya. Zan kaɗa sau ɗaya, saboda gishirin da na ci da ubanka. Kada ka sake tambayata."

Muka sayar da sauran gyaɗar bara muka hau mota sai Sabon Garin Zariya, neman rakoda, irin akwatin nan mai ɗaukar murya. Mai kanti ya ɗora mana rakoda biyu a kan tebur. Ɗaya tana da ɗan nauyi, abin maganarta da doguwar waya, kana iya kafa shi a gaban makaɗi kai kana can nesa. Ɗayar ƙarama ce, ta rataya, wayarta ba ta wuce kamu ɗaya ba, sai dai ka maƙala abin maganar a wuyan rigarka. Ita ce mai araha, amma ko babbar ba ta fi ƙarfinmu ba, in dai za mu haƙura da tsaraba.

Na ce, "Yaya, ganga za mu ɗauka. Mu sayi mai doguwar wayar."

Mai kantin nan, wani mai bakin zuma da ya gaji da ajiyar ƙaramar, ya maƙala wa Maiwada ita a wuya ya ce, "Maigida, ɗan yi magana." Maiwada ya yi gyaran murya ya faɗi sunansa da na garinsu. Aka juya zaren da ya naɗi maganar aka kunna. Da ya ji muryarsa ta fito rangaɗaɗau, shi ke nan, magana ta ƙare. Sau huɗu yana sa a maimaita masa. Ko tafi bai ce a yi daga bakin ƙofa ba, a ga ko tana jin na nesa. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Ka ji yadda take ɗauka?" Abin da ya rage ya sayi hula da shi.

Ranar gayya garma ta fi arba'in a gonarmu. Na roƙi Ɗan'azumi a rataya masa rakodar, ya ce kafaɗarsa ta ganga ce. Na roƙi Maiwada ya ba ni in tsaya kusa da tsohon, tunda ni ba mai surutu ba ne. Ya ce wanda ya saya shi zai riƙe. Ya sa sabuwar hula ya tsaya a kan kuyya, ƙirji a gaba.

Da hantsi ya dubi ludayi, Ɗan'azumi ya ɗaga gula ya saki taken. Tsofaffi suka jefar da garma suna share hawaye. To, a al'adarmu ba a kaɗa taken gidanku ka yi shiru, dole wani ya karɓa da kirari. Akwai baffanninmu biyu a wurin, su ya kamata a bar wa. Ina! Maiwada ya ɗaga hannu sama ya ɓarke: "Sama'ila na Mero! Kuyya goma kafin fura! Uban Maiwada, mai gajiyar da garma!" Ina jan rigarsa yana fizgewa. Bai tsaya ba sai da tsohon ya sauke gula.

Bayan la'asar aka cika zaurenmu. Innarmu Mero ta zo ta tsaya a bayan asabari, ita da rabonta da jin wannan kiɗan shekara tara. Maiwada ya kunna.

Maiwada ne. Daga farkon zaren har ƙarshensa, Maiwada ne yake tsage maƙogwaro, har da ƙarar haɗiyar yawunsa. Gangar kuwa ba a jin ta sai in ya tsaya jan numfashi: bugu biyu, uku, can ƙasa kamar ana daka a wata unguwa, sai ya sake rufe ta. Mutane suka fara zamewa ɗai-ɗai suna neman takalmansu. Inna ta ce daga bayan asabari, "Wannan ai kullum ina jin sa kyauta." Ta koma ciki.

Washegari ya yi sammakon Paki. Ya tarar Ɗan'azumi ya riga ya farke fatar gangar da wuƙa, yana zaune da allo a gabansa. Tsohon ya ce, "Na ce sau ɗaya." Ya ci gaba da karatunsa.

Na yi wata uku ban yi wa yayana magana ba, in ban da gaisuwa. Haushin da nake ji ba na asarar gyaɗa ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gaya masa, a kanti an gaya masa, a gona an gaya masa.

Ya rayu shekara ashirin bayan nan, bai yar da rakodar ba. Duk shigowar damina sai ya sayo batir ya zauna a zaure shi kaɗai, ya manna kunnensa a jikinta yana farautar bugun nan biyu-uku. Wata rana na shigo da garma a kafaɗa bai ji ni ba. Muryarsa ta cikin zaren ta ja numfashi, ganga ta ɗan leƙo, kirarin ya sake danne ta. Sai na ji ya ce a hankali, da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba, "Kai, don Allah yi shiru mana, in ji babana."