Itacen Kabarin Baba Ziblim

Duk wanda ya rasu a Maamobi cikin shekarun nan, da wuya bai kwanta ƙarƙashin katakon Baba Ziblim ba. Sana'arsa ke nan, sayar da itacen da ake jerawa a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Rumfarsa tana bakin babbar gota, kwatar da ta raba unguwannin Nima da Maamobi, kuma har yau ba a samu wanda ya dawo ya ce kayan ba su yi ba.

Mutumin wajen Yendi ne, amma a dajin Kintampo ya yi ƙuruciya, yana ƙona gawayi tare da kawunsa. Daga can ya gangaro Accra, ya yi dako, ya yi gadi a Kanda, ya ƙare a katako. In ya fara labarin dajin nan ba ya gajiya: ƙirya, marke, maɗaci, kowanne ya tsaya inda ya ga dama, birai a sama, macizai a ƙasa. Cewa shi da kawunsa sun kwashe dajin buhu-buhu, wannan ba ya cikin labarin.

Abin da yake sayarwa tik ne, itacen nan da ake shukawa a gona layi-layi kamar rogo. Miƙaƙƙe ne, gara ba ta son shi, masu haƙa kabari suna yabonsa. Baba Ziblim ya raina shi iyakar raini.

"Wannan ba itace ba ne, ma'aikacin gwamnati ne," in ji shi. "Ko ciyawa ba ta fitowa a gindinsa. Ganyensa ko akuyar Nima ba ta ci, ita da take cin leda."

Afa Iliasu, wato Malam Iliasu, ladanin masallacin unguwa, wanda yake shan kokonsa a bencin rumfar kullum da safe ba tare da an gayyace shi ba, ya ce ai duk itace tasbihi yake yi wa Ubangiji. "Ka je gonar tik ka gani. Sahu a miƙe, kafaɗa da kafaɗa. Itatuwan dajinka kuwa kamar masu makara ranar Idi, kowa inda ya samu."

"Afa, wanda aka dasa a sahu ba da ƙafarsa ya zo ba. Ba shi da lada."

Shekarar da likita ya ce masa yana da hawan jini, Baba Ziblim ya yanke hukunci: kowa ya shiga ƙarƙashin tik, ban da shi. Ƙirya yake so, ta daji, wadda ba ɗan Adam ne ya shuka ta ba. Ya rufe rumfa ya hau mota zuwa Kintampo.

Inda ya bar daji, tik ya tarar, tun daga bakin titi har inda ido ya ƙare, shiru kamar ofis ranar Lahadi. Ya shiga ya ɓace, don kowane layi kamar ɗan'uwansa yake. Sai can a bakin wani rafi, inda tarakta ta kasa shiga, ya ga ƙirya guda ɗaya tsaye. Ita kaɗai ta rage. Ya daɗe yana kallonta, har ya yi ƙwalla, sannan ya sa aka sare ta.

Da ya dawo da rassan, matarsa Salimatu, mai sayar da wake da shinkafa a gefen rumfar, ta dube su sau ɗaya.

"Baban Zuhura, waɗannan karkatattun ne za su tare maka ƙasa? In don wuta ka kawo, na gode."

Shi ba mai jayayya da mace a bakin titi ba ne, sai ya ce a gwada. Ya jawo benci biyu, ya gitta rassan a kai, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, ya kwanta a gefen dama yana fuskantar gabas, kamar yadda ya ga an yi wa abokan cinikinsa. Ya ce ta zuba yashi.

Salimatu ta zuba da kwanon awo, kuma ba ta yi rowa ba. Tsakanin reshe da reshe akwai ƙofar da kyanwa za ta wuce ba ta sunkuya ba. Yashin ya cika masa kunne da gemu. Kafin ya yunƙura, wata mai tallan lemo ta hango ƙafafu a miƙe ƙarƙashin itace, ta ajiye tire ta fasa salati. Jama'a suka taru. Afa Iliasu ya iso da gudu, takalmi ɗaya a hannu, daidai lokacin da mamacin ya yi atishawa.

"Yarhamukallah," in ji Afa. "An tambaye ka, ko mala'ikun ba su iso ba tukuna?"

Baba Ziblim ya fito ya kakkaɓe jikinsa. Ya shiga rumfa ya zaɓo tik mafi miƙewa, ya jera shi a kan bencin nan biyu, ya ɗora ƙiryar a kai. Aka sake zuba yashi, ko ƙwaya ba ta wuce ba.

"Haka za a yi mini," ya ce. "Tik ya yi aikin dako, ƙirya a sama, in mala'iku sun zo ita za su fara gani."

Afa Iliasu ya saka takalminsa a natse. "Su daga ciki suke zama da kai, Ziblim. In sun ɗaga kai, tik za su gani. Kai ma haka."

Tun daga ranar Baba Ziblim yake shan maganinsa a kan lokaci, ya daina gishiri, ya rage nama. Ya ce wa Salimatu ba inda za shi sai ya gano yadda za a jera su.