Ƙwallo a Gonar Baba Arzika

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na kwashi 'yan kallon ƙwallo daga Jega zuwa Maiyama ba. Ku direbobin yanzu ina jin ku a tasha kuna ƙorafi, wai an ɗage wasa bayan kun sha mai kun yi lodi. To ku matso kusa ku ji irin ɗage wasan da na gani da idona, tun zamanin Turawa, lokacin da in mota ta shigo gari sai mata su riƙa leƙowa ta kan danga.

A lokacin ina tuƙa babbar motar wani Alhaji ɗan kasuwa a Jega. Aikina ɗaukar albasa daga Aliero, da gishiri da fatu da gyaɗa, in yi kudu in dawo. Motar da ƙarfe ake juya ta daga gaba kafin ta tashi, kuma ba ta nisa sai ruwanta ya tafasa, dole a tsaya a ba ta wani. Saboda haka kowane direba yana da rijiyoyinsa a hanya. Tawa rijiyar ta Maiyama tana bakin gonar wani dattijo, Baba Arzika. Da kansa yake jawo mini guga, in kaka ta kusa kuma ya gasa mini tumu, ɗanyen geron nan mai zaƙi. Gonar nan ita kaɗai gare shi. Ɗansa ya tafi cin rani Kurmi bai dawo ba, ya bar masa mata da 'ya'ya, duk a kan wannan gona suke.

Ƙwallo kuwa sabon abu ne. Akawunan kanti da waɗanda suka dawo daga makaranta a Sakkwato su suka kawo shi. Manyan garuruwa na da tasu gasar, mu kuma ƙananan muka haɗa tamu: Jega da Aliero da Maiyama, kowa ya je gidan kowa, ƙafa ba takalmi. Da rani ake yi, don a lokacin ne ake da fili. Mutanen Maiyama ba su da filin kansu, sai suka ari gonar Baba Arzika bayan an kwashe kara, suka kafa itatuwan gola. Sharaɗinsa ɗaya ne, da zarar ruwa ya sauka gona ta koma gona.

Wasa ɗaya ya rage mana a shekarar, na Maiyama, kuma in mun ci shi mun wuce Aliero. Aka sa rana, sai aka yi rasuwa a can, aka ɗage. Aka sake sa wata, azumi ya shigo, aka ɗage. Ana gama salla ruwa ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi ya yi gona. Akawun da ke tsara gasar ya sanar cewa sai bayan kaka. Magana ce mai kyau, da an bar ta haka. Amma duk ranar kasuwa 'yan albasar Aliero sai su zauna su yi ta tsokanar mutanenmu, wai Maiyama ta gagare mu, wai tsoro ya hana mu haye gulbi. Ba'a ce kawai, amma ta shiga jikin mutane fiye da yadda kuke zato.

Jagoran 'yan kallonmu wani mahauci ne, Ɗanjimma, tsohon ɗan dambe. Bai taɓa sa ƙafa ya taɓa ƙwallo ba, amma in ana wasa muryarsa har bakin gulbi ake ji. Shi a wurinsa ƙwallo dambe ne da ƙafa. A dambe kuwa, in ka shiga fage ka tsaya, aka yi maka kiɗa, abokin karawarka bai fito ba, to kai ka yi nasara, ba sauran magana. Sai ya ce haka za a yi wa Maiyama. Mu je, mu tsaya a filinsu, a kaɗa kalangu, in ba su fito ba mun cinye. Wallahi mutane suka karɓi maganar nan hannu bibbiyu, har da wasu daga cikin 'yan wasan.

Da Alhaji ya ce in shirya mota, na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, filin nan hwa gona ce yanzu. Shekaranjiya na biyo ta wurin, gero ya yi ciki, wani har ya soma hid da kai."

Ya ce, "Kai Mamman, wa yac ce a shiga gonar mutane? Su tsaya bakin hanya, su yi kiɗinsu, su huce, ka maido min su. Na gaji da bakin mutanen Aliero."

Na ce to. Ni ma a raina haka na ɗauka za a yi, don duk wanda ya hau motar nan manomi ne ɗan manomi.

Muka tashi da sassafe, mota cike maƙil, wasu a kan katako, wasu sun rataye. Muka haye gulbi a jirgin fito, muka shiga laka. Sau da dama sai an sauka an tura. Ana ta raha, ana waƙa, ana rabon goro. Akwai abin da ya faru a hanya wanda har yau ban manta da shi ba. Wajen wani ƙauye motar ta kafe, ana turi, sai wani ya koma gefe ya taka wake a gonar bakin hanya. Ɗanjimma ya juyo ya balbale shi da faɗa, ya ce, "Ba ka da idanu? Abincin wani kake takawa." Har ya sunkuya ya miƙar da waken da hannunsa. Ku riƙe wannan, shi Ɗanjimman ne da kansa.

Hantsi ya ɗaga sosai muka isa Maiyama. Garin tsit, kowa yana gona. Na tsaya a rijiyata kamar kullum. Ga gonar Baba Arzika kore shar, gero ya fi tsayin mutum, ba ka ganin komai na fili sai kawunan itatuwan gola, duma ya nannaɗe su. Mutanenmu suka sauka suka jeru a bakin hanya, makaɗi ya fara kalangu. Aka kaɗa, aka kaɗa, aka yi kirari, ba wanda ya fito. To wa zai fito, mutum yana can bayan gari da fartanya a hannu?

Sai na ji wani daga baya ya ce, "Da gangan sunka shuka gero, don su ɓoye muna hili." Wani ya ce lalle kuwa. Kafin in buɗe baki magana ta zagaye taron. Ɗanjimma ya ce, "Ba a cin hwage daga bakin hanya. Sai an tsaya tsakiya."

Na riƙe masa riga na ce, "Ɗanjimma, ka ji tsoron Allah. Na san mai gonar ga, ba shi da wata." Ya fizge ya ce ba abin da za su taɓa, ta tsakanin kunya za su bi.

Da farko hakan suka yi, suna bi a hankali suna kauce wa kara. Sai makaɗin ya juya kiɗa, ya ɗauko taken Ɗanjimma na zamanin dambe. Ban san me ya shiga kansa ba. Na ji kara ɗaya ya karye, na ji na biyu. Sai na ga wuƙar fawa ta ɗaga sama tana ƙyalli. Daga nan kuma ba zan iya ce muku wane ya fara wane ya bi ba. Masu wuƙa suna sara, marasa wuƙa suna tattakewa, wasu suna tumɓukewa da saiwa suna jifa gefe, ana ihu ana cewa a share fili.

Ni dai na tsaya baki buɗe. Na sha ganin mota ta kife, na ga an fito da gawa daga gulbi, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mutanen da na sani ne ɗaya bayan ɗaya, na ci tuwo a gidajensu. Wanda ke kwana a gona yana korar tsuntsu, ga shi yana rawa a kan gero mai ciki. Na ruga na matsa ƙahon mota don su dawo hayyacinsu, ashe su sun ɗauka taya su kiɗa nake yi, suka ƙara ƙaimi. Na shiga gonar ina jan wannan ina roƙon wancan, aka ture ni na faɗi. Warin ɗanyen kara ya cika mini hanci. Kuma damina ta yi nisa, ko an sake shuka ba abin da zai nuna.

Lokacin da mutanen Maiyama suka jiyo hayaniya suka rugo daga gonaki, an riga an gama da mafi yawan gonar, daga wancan gola zuwa wannan. Suka zo da fartanyu da sanduna, idanu jawur. Kalangu ya tsaya. A nan ne mutanenmu suka waiga suka ga abin da suka yi, na ga wuƙaƙe suna komawa kube a ɓoye. Na ce a raina yau sai an kwashi gawa a motata.

Sai ga Baba Arzika ya fito daga cikin taron, yana tafe a hankali, fartanyarsa a kafaɗa. Bai dubi kowa ba. Ya sunkuya ya ɗauki kara ɗaya, ya tsaga cikinsa da farce, ga ɗan kan geron fari fat a kwance. Ya daɗe yana kallonsa. Samarin Maiyama suka yunƙuro, ya ɗaga musu hannu.

Ya ce, "Ku bar su. Baƙi ne."

Sannan ya juyo wurinmu ya ce, "Ina ƙwallon?"

Muka dubi juna. Ya sake tambaya. Wani ya je mota ya ɗauko wanda muka zo da shi ya miƙa masa. Dattijon nan ya taka har tsakiyar gonarsa, ya ture kara da ƙafa, ya ajiye ƙwallon. Ya koma gindin gola ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Hili kunka so, ga hili. Ku buga. Ina son in ga abin da yah hi tuwon jikokina."

Ba wanda ya motsa. Ɗanjimma ya matso ya zube gabansa, ya ce, "Baba, don Allah..."

Ya ce, "A'a, ɗana, tashi. Kun sha wahalar hanya. Ku buga, ina kallo."

Da duka aka yi mana da ya fi sauƙi. Ƙattai suka tsaya cikin rana kai a ƙasa, mutanen Maiyama sun kewaye mu, daga nesa kuma ana jiyo kukan matan gidan Baba Arzika da labari ya kai musu. Ƙwallo yana nan a tsakiya. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. A ƙarshe dattijon ya miƙe ya nufo rijiya, ya dube ni ya ce, "Mamman, kai ka kawo su?" Na ce ni ne, Baba. Sai ya zura guga ya jawo ruwa kamar yadda ya saba, ya ce in ba motata ta sha in maida su, rana tana yi.

Muka hau mota muka juyo gida. Makaɗi ya cusa kalangunsa cikin riga. Da Alhaji ya ji labari ya yi salati ya zauna.

Magana ta je gaban manya, aka yanke cewa da kaka duk wanda ya hau motar zai fitar da dammuna daga gonarsa. Ba wanda ya yi gardama, kuma ni na kai su. Baba Arzika ya karɓa saboda bakunan da ke gidansa, ya yi godiya a taƙaice. Amma bai sake ba da aron gonarsa ba, wasan nan kuma ba a taɓa buga shi ba. Aliero suka ɗauki gasar, kuma su ma ba su ƙara tsokanar kowa a kai ba. Ɗanjimma ya rayu shekaru bayan haka yana fawarsa, in ana ƙwallo ta wata hanya yake bi.

Abin da aikin nan ya koya mini a ranar, buhun albasa yadda ka ɗora shi haka za ka sauke shi, amma mutane ba haka suke ba. Kana iya ɗaukar mutanen kirki a tasha, zuga da kiɗa da zafin rana su canza su a hanya ba ka sani ba. Shi ya sa har na ajiye tuƙi, in aka ce mini an ɗage wasa, ba na tayar da mota, ko wa zai yi fushi ya yi. Wanda ya ɗage yana da dalilinsa, ko da kai ba ka gan shi daga tasha ba.

Na ci gaba da tsayawa a rijiyar nan, Baba Arzika ya ci gaba da jawo mini guga, sai dai tumu ban ƙara samu ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ƙwallon da muka baro kuwa, Baba Arzika ya ɗaure shi da igiya a jikin itacen gola, daidai inda duk motar Jega za ta gan shi. Yana nan a rataye rana da ruwa suna dukansa, har fatar ta bushe ta tsage.