Farantin Maƙwabciyata

Mijina zuciya ce ta kai shi. Jijiyoyinta suka toshe, ya faɗi a bakin ƙofa da carbi a hannu, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Shi ya sa ranar da babban ɗana ya dawo daga mustashfa, wato asibiti, ya kira ni gefe, na san da magana.

"Umma, likita ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina. In ban rage mai da gishiri da zaƙi ba, in ban riƙa taka ƙasa ba, hanyar Baba zan bi."

Tukunyata ba ta ba ni wahala ba. Na ɗauke man shanu, na rage gishiri. Abin da ya fi ƙarfina farantin maƙwabciyata ne, wata Balarabiya da muka tsufa tare a unguwar Al-Ranuna, kusa da masallacin Ƙuba. Duk Juma'a sai ta aiko mana da kabsa, shinkafa tana ƙyalli da kitsen rago, ga basbusa, irin kek ɗinsu, a gefe tana nason sukari. A unguwarmu ba a ƙin abincin maƙwabci, ba a kuma mayar da faranti wayam. Shi kuwa ɗana, da ya ji ƙamshi sai ya wanke hannu.

Bakina ya yi nauyi in ce mata ta daina. Sai wata Juma'a, maimakon cincin da na saba zuba mata, na cika farantin da kwaɗon zogale, na kai da kaina.

Ta dubi farantin, ta dube ni. "Hajiya, ciyawa kika kawo mini? Laifi na yi miki?"

Na zauna na gaya mata komai. Ta kama hannuna, don ita ce ta riƙe ni ranar da aka fita da mijina.

"Wato kunya ta sa kika bar ni ina ɗura wa yaron nan kitse? Khalas, an gama."

Faranti bai daina zuwa ba. Sai dai yanzu gasasshen kifin tekun Yanbu ne, da ganye da lemun tsami. Ta kuma sa mijinta ya riƙa ƙwanƙwasa mana ƙofa in rana ta yi sanyi, su taka da ɗana har masallacin Ƙuba su dawo.

Da ɗana ya koma gwaji, likita ya ce jinin ya gyaru, ya ci gaba a haka. Yau ga shi nan da furfura, wadda ubansa bai kai ba, yana yi wa jikokina faɗa a kan lemun kwalba.

Zogalen kuwa har yau ciyawa take ce masa, kuma tas take cinyewa. Ba na ɗaga hannu a Harami ban ambace ta ba.