Don Heriberto, Wanda Ya Jira a Gama Rawa

Kullum kafin a buɗe kotun iyali ta garinmu Ponce, Don Heriberto Cintrón yana tsaye gaban teburina. Ni ke sayar da kofi a bakin ƙofa. "Nereida, baƙi wuluk, kada ki cuce ni da madara!" Ya kurɓa, ya gyara ankwar da ke ƙugunsa, ya shige. Ɗan sandan kotu ne, kuma jiya ya yi ritaya.

Aikinsa ba na farin jini ba ne. Idan alƙali ya ce miji ya biya kuɗin lauyar matar da suka rabu, ya ƙi, ya raina kotu ke nan, sai a tura Don Heriberto ya kamo shi. Ba ya sassauci, don ya san in ba a biya lauya ba, gobe matalauciya ba ta da mai tsaya mata. Amma bai taɓa sa wa uba ankwa a gaban ɗansa ba.

Ku tambayi Toño bakanike, mai taurin kan tsiya. Ya rantse ko sisi ba zai ba lauyar tsohuwar matarsa ba, wai ta kunyata shi. Da takardar kamu ta fito sai ya ɓuya, aka rasa shi sai ranar bikin cikar 'yarsa Yaritza shekara goma sha biyar. Toño na durƙushe zai sanya mata takalmi mai tsini kamar yadda al'adarmu take, ya ɗago, suka haɗa ido da Don Heriberto. Wallahi takalmin sai da ya suɓuce masa.

"Don Heri, don Allah, ba nan ba," ya ce a hankali.

"Kai, sa wa yarinya takalminta! Ni shinkafa da wake na zo ci."

Ya zauna ya ci, ya tafa, har hoto aka yi da shi. Da aka gama rawar uba da 'ya, ya ce, "Maigida, zo ka duba min mota, ta ƙi tashi." Kotu suka wuce. Toño ya sha zafin kulle, ya sayar da babur ɗinsa, lauya ta sami haƙƙinta.

Jiya wajen walimar ritayarsa sai ga Yaritza, yanzu matar aure, riƙe da hoton. "Sai bara Baba ya faɗa min gaskiya. Ni duk a zatona kai kawunmu ne." Ta rungume Don Heriberto. Ƙaton mutumin nan ya fashe da kuka, ni ma na taya shi.

Don Heri, kai ne ka kama uba ba ka karya 'ya ba. Mun gode, dattijon arziki. Ku kuma sababbin da aka ba ankwa, ku kamo wanda aka ce ku kamo, amma ku bari yarinya ta gama rawarta.