Akwatin Tsimin Wuta na Kawu

Shekarar da aka sa wa gidan Kawu mita mai kati, ina zaune wurinsa a Gusau ina karatu. Yayan mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya bai gaji da ba da umarni ba. Da ya rasa ofis, sai ya mai da gidansa ofis.

Ranar da katin farko ya ƙare, ya tara mu a tsakar gida ya yi jawabi a kan almubazzaranci. Daga nan ya taka kujera ya kwance ƙwan lantarkin kicin da na ɗakina, ya zuba a aljihun babbar riga. Dutsen guga ya koma na gawayi. Amma falonsa ba a taɓa shi ba. Can fanka ke juyawa tun safe, talabijin na ta surutu ko ba mai kallo, butar lantarki kuma tana tafasa shayin abokan hirarsa, tsofaffin da ba su da aiki sai gyara ƙasa da baki.

Wata rana ya dawo daga tasha da fara'a. Ya haɗu da wani mai talla da ya sayar masa da ɗan farin akwati, bai kai sabulun wanki girma ba. In aka soka shi a soket sai wata koriyar fitila ta kama.

"Wanga abu ɗaure wuta yake yi," in ji Kawu. "Mita na son gudu, shi kuma yana riƙe mata ƙafa."

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce, "Alhaji, da me yake riƙe ta?"

"Kimiyya ce. Ba fanninki ba ne."

Bai tsaya kan ɗaya ba. Ya aika wa amininsa na Tsafe, ya kuma aika wa mahaifiyata a Kekun Waje, wadda gidanta ko waya ba a ja ba, aci-balbal da tocila take kunnawa. Ta karɓa da godiya ta ɗora shi kan jeren kwanoni.

Kati ya ci gaba da ƙarewa kamar da. Tunda akwati ba ya laifi, sai aka nemo mai laifi, aka samu firjin Inna. A cikinsa take sanyaya zoɓo da kunun aya tana sayarwa, da kuɗin take cefanen da fanshon Kawu ba ya kaiwa. Kawu ya zare wayar firjin da rana tsaka, a tsakiyar bazara, ya ce sai an gama bincike. Kafin la'asar kunun ayan ya yi tsami. Ni na taya ta zubarwa a kwata.

Washegari Inna ta samo a-kori-kura, aka ɗora firjin sai Bungudu, gidan ƙanwarta mai sola. Suka haɗa sana'a, ita tana dafawa tana aikawa, ƙanwar tana sayarwa a bakin titi.

Firji ya tafi, kati bai fasa halinsa ba. Kawu ya koma zargin cajar wayata.

Ana haka amininsa na Tsafe ya iso, ya ajiye nasa akwatin a gaban 'yan shayi. Ya ce akwatin faɗowa ya yi daga bango ya dare biyu. Na kawo musu kofuna, na ga abin da ke cikinsa da idona: ɗan ƙwan fitila, siririyar waya, da dunƙulen siminti da aka sa don ya yi nauyi a hannu.

"Alhaji, ga kimiyyarka," in ji mutumin.

Kawu ya juya simintin ya daɗe yana dubawa, kamar mai duba takardar ofis. Sannan ya ce, "Naka ne jabu. Nawa na asali ne."

Babu wanda ya ce a buɗe nasa a gani, shayinsa suke sha.

Da zafi ya ƙara tsananta ya ce wa Inna ta dawo da firjin, an gama bincike. Ta ce ai ya samu wurin zama, kuma can ba a zare masa waya. Tun daga lokacin Kawu ruwan randa yake sha, yana gaya wa baƙi cewa likitoci sun hana ruwan sanyi.